Gonar da Ba Ta Hau Taswira Ba

Duk wanda ya san fadamar Tungar Ɗanmusa, can bayan Lolo inda ƙasar Najeriya ke ƙarewa ta Benin ta fara ba tare da ko shinge ba, ya san kowace gona a wurin mutum biyu ke ci da ita. Da damina ta maza ce: su zuba shinkafa, su yi ta kokawa da ruwa da tsuntsaye har kaka. Da an yanke shinkafa, ruwa ya ja da baya, sai mata su gangaro da dashen albasa a kwanduna, kowace ta nufi gurbin da uwarta ko uwar mijinta ta saba, ta tayar da fangali, ta tona 'yar rijiya. Ba a taɓa zama an raba ba. Ba a roƙo, ba a kuma godiya. Namiji ya kwashe buhunansa ya ba wurin baya, mace ta shiga. Kafin hadarin farko ta tuge albasarta ta bar masa ƙasa da taki a ciki. Haka aka tarar, haka kuma ake yi.

Sai ga wata ƙungiya ta zo da niyyar alheri, irin niyyar alherin nan da ke zuwa a farar mota. Za a kafa injunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, a ja magudanai cikin fadamar, maza su riƙa noman shinkafa rani da damina. Masu ba da tallafin sun gindaya sharaɗi guda: duk inda aka samu wani yana noman rani tun da can, ba za a ratsa wurin ba, a bar masa abinsa. Abin da zai nuna hakan kuwa taswira ce. Wanda ya hau taswira ya tsira da gurbinsa, wanda bai hau ba tamkar ba a taɓa yinsa ba.

Aikin taswirar a hannun mutum biyu yake, a ƙaramin ofishin ƙungiyar da ke Bagudo. Akwai Attahiru, wanda shi ne babba, sai Rahmatu Haliru, wadda shi ya koya mata komai. In ana maganar mutumin da Rahmatu ta yarda da shi a duniya, to Attahiru ne. Ɗan unguwarsu ne. Lokacin da ta gama karatu ta rasa aiki, ta ƙare a wani shago tana buga wa mutane katin biki, shi ya ce wannan kan ya fi ƙarfin katin biki. Ya sa mata manhajar taswira a tsohuwar kwamfutarta, manhajar da ba a saye ba a sata, mutanen duniya ne suka haɗa hannu suke gina ta kyauta. Ya nuna mata yadda ake ɗora koguna a kan hoton ƙasa, a ɗora hanyoyi a kan koguna, a ɗora gonaki a kan hanyoyi, shimfiɗa bisa shimfiɗa kamar tabarmi. Daga baya ya koya mata rubuta kod, wato 'yan layukan umarni da mutum zai rubuta kwamfuta ta yi masa nan take aikin da zai yini yana yi da hannu. Ranar da mahaifiyarta Hauwa'u ta rasu, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Yaya take ce masa, kuma har zuciyarta take faɗa.

Gonakin maza Attahiru ya riga ya auna su tun da damina, yana yawo cikin ruwa har gwiwa. Saura na mata.

"Ke za ki tahi," in ji shi. "Kina jin Dendi, kuma ke ɗiyarsu ta. Ni in na je ko gaisuwa ba su gama amsa mani."

Gaskiya ya faɗa. Uwar matan fadamar, wadda in ta ce a tashi ake tashi, ita ce Inna Dela, yayar mahaifiyar Rahmatu. A tsallaken iyaka aka haife ta, kuma har yau ba ta yarda cewa akwai wata iyaka tsakanin garin ubanta da na mijinta ba. In an yi mata maganar sai ta ce ita dai ba ta taɓa tuntuɓe da ita ba. Rahmatu ta same ta a bakin rijiyarta tana ɗebo ruwa da guga tana watsa wa fangali. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi gugan, sannan ta kwance mata zancen tun daga farko.

Inna Dela ta saurara har ƙarshe, tana goge hannu da gefen zane.

"Ɗiyata," ta ce, "abin ga da muka yi nan, ba mu taɓa hwaɗin shi da baki ba. Mu dai mu shiga, su su hita. Ran da anka ce a hwaɗe shi a rubuta, ranar wani ka iya cewa a'a."

"Inna, in ba ku hau ba, magudana ta bi ta kan albasarku. In kun hau, ba mai taɓa ku. Yaya Attahiru da bakinshi ya ce mani."

"Attahirun da ya ɗauki makarar Hauwa'u?"

"Shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ruwan da ke bin fangali. Can ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ce ta buɗe fadamar. Washegari mata suka fito, har da masu takowa daga tsallake da sassafe, kowace ta ja Rahmatu zuwa gurbinta. Rahmatu na riƙe da waya tana bin gefen gona a hankali, wayar na zana duk inda ƙafarta ta taka. Iyakokin kuwa sai mai su: nan fasasshiyar tukunya ce da aka kife, can kututturen goriba, can gaba wani dutse da ba za ka kalle shi sau biyu ba. A ƙarshen fadamar wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci yana yi mata maraba da zuwa Benin, matan suka yi ta dariya suna cewa ta kawo musu tsaraba in ta dawo. Rahmatu ta ɗauki hotuna da su, suna gyara ɗaurin kallabi suna ture juna.

Gurbin Inna Dela aka bari na ƙarshe. Da suka zagaye shi, tsohuwar ta kama hannunta ta kai ta wani fangali da ke gefe, inda aka bar albasa ta yi tsayi ta fitar da farin kai.

"Nan uwarki ta koyi dashe kahin a kai ta aure Bagudo," in ji ta. "Wagga kuma ba ta ci ba ta, ta iri ta. Kakarki ta tsallako da irin a ƙulle gehen zane. Duk shekara in bar hwangali guda shi yi kai, in sussuke, in cika gora. Ba ta girma irin ta kasuwa, amma tana kai damina ba ta ruɓe ba."

Da yamma ta nuna mata goran, baƙi wuluk saboda hannu da hayaƙi, an toshe bakinsa da tsumma, yana rataye a kan gadonta. Rahmatu ta girgiza shi, irin ya yi ƙara a ciki kamar yashi. Ta koma Bagudo da kwandon albasa a bayan babur, zuciyarta fes.

Wahalar a ofis ta fara. Bazara ta shigo, ɗakin kamar tanda, fankar sama tana juya zafin ne kawai daga wannan kusurwa zuwa waccan. Aikin da ya rage ba wani mai yawa ba ne a baki: ta rubuta kod da zai haɗa gonakin maza da na mata a shimfiɗa guda, ya lissafa faɗin kowace, ya ware inda ake noman rani. Ta rubuta, ta danna. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, ta watso mata jan rubutu, ta tsaya cik.

Rahmatu ta fara da zargin kanta, kamar yadda aka koya mata. Ta bi gonakin ɗaya bayan ɗaya. Ta samu wasu da zanensu bai rufe ba, inda ta kashe wayar kafin ta dawo wurin da ta fara. Ta samu wata inda ta kewaye suri, layin ya harɗe da kansa kamar igiyar guga. Ta warware, ta ɗinke, ta danna. Jan rubutu. Ta duba ma'auni, ta ga na Attahiru da digiri aka ajiye su, nata kuma da mita. Ta ce yawwa, ga ɓarawon. Ta mayar da su ma'auni guda, ta danna tana murmushi. Jan rubutu, a daidai wurin da ya tsaya ɗazu. Ta yi tsaki har masinjan ofis ya leƙo. Kwana da kwanaki tana wannan kokawa, abinci ma a gaban allon take ci, har ta fara yi wa kwamfutar magana da Dendi, harshen da take faɗa da shi.

Da ta natsu ta karanta jan rubutun kalma bayan kalma, sai ta ga abu guda yake ta maimaitawa: gona ta hau kan gona. Tsarin da aka aiko musu daga babban ofis ba ya yarda da suna biyu a ƙasa guda. Shi a wurinsa, in Kanta mai shinkafa da Dela mai albasa suka faɗo wuri ɗaya, to ɗayansu ƙarya ne.

Ta shiga dandalin masu amfani da manhajar, inda mutum ke kai kukansa waɗanda bai taɓa gani ba su share masa hawaye, ta zayyana matsalarta. Kafin la'asar wani ya amsa daga wata ƙasa mai nisa, mutumin da ko hotonsa babu. Ya ce kod ɗinta lafiya lau yake, kuma gonakin ba su yi ƙarya ba. In da gaske mutum biyu ke noma wurin a lokuta dabam-dabam, ta ƙara wa kowace gona gurbin lokaci, wannan damina, waccan rani, ta ce wa kod ɗin kada ya yi ƙorafi sai in gonakin lokaci guda ne suka hau juna. Ya ƙara da cewa kada ta goge komai sai ta san dalilin zuwansa.

Rahmatu ta yi dariya ita kaɗai. Abin da Inna Dela ta sani tun tana yarinya, shi ne sai da aka zagayo duniya kafin kwamfuta ta gane. Ta ɗauki kwamfutar ta nufi teburin Attahiru, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ya duba, ya gyaɗa kai, ya sake dubawa. "Madalla. Kai ya yi aiki," in ji shi. Ya cire tabarau ya murza ido. "Sai dai na'urarsu ta can suna guda taka karɓa, kuma tun jiya suka kira na. Ga yadda za mu yi. Ki sa ma kod ɗin doka: inda biyu sunka hau juna, shi riƙe wadda anka hwara aunawa, ta biyun shi tura ta gehe cikin shimhiɗa dabam. Ta maza ta tahi yau. Ta mata ki gyara ta da lokacinta yadda mutumin ga ya ce, ni da kaina nika kai ta Birnin Kebbi in yi masu bayani."

"Ta maza anka hwara aunawa duka, Yaya. In ta tahi ita ɗai, hwadamar za ta hito kamar ba kowa cikinta da rani."

"Shi ya sa nika kai ta biyun da hannuna. Yaushe na taɓa ɗora ki bisa hanyar banza?"

Bai taɓa ba. Ta koma ta rubuta dokar, 'yan layuka da ba su cika tafin hannu ba. Ta danna. Kwamfutar ta yi tunaninta, ta wuce wurin da take tsayawa, ta kai ƙarshe ba ja ko ɗigo. Abin da ke ƙona rai a labarin nan shi ne Rahmatu ta yi murna. Ta ɗaga hannu sama, ta sayo wa kowa lemo mai sanyi, Attahiru ya ce a gaban mutane wata rana ita za ta koya masa. Sannan ta zauna ta ƙawata shimfiɗar mata, kowace gona da sunan mai ita da lokacinta, ta zuba a ɗan filashin kwamfuta ta miƙa masa. Ya sa a aljihun gaban riga ya dafa. Ta tambaye shi bayan ya dawo daga Birnin Kebbi, ya ce ana kai. Ta sake tambaya, ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar kasuwar Lolo aka zaɓa don nuna wa jama'a taswirar, saboda ranar ce ba mai fita gona. Da hantsi aka manna ta a bangon makarantar Tungar Ɗanmusa, faɗinta ya kai zanen gado. Maza suka taru a gaba. Mata suka tsaya daga baya cikin zannuwan fita, wasu sun ajiye buhunan albasar da za su kai kasuwa a gindin bango. Rahmatu ba ta ga taswirar ba tun da aka bugo ta; tare da Attahiru suka zo a mota, takardar na naɗe a bayan kujera.

Tun daga nesa ta ga launin. Fadamar gaba ɗaya ruwan ɗorawa ce, kuma ita ta san ma'anar ruwan ɗorawa, don ita ta zaɓi launin: ƙasar da ba a noma da rani. Shuɗɗan layukan magudanai sun ratsa ta tsaye da kwance. Ta matsa tana neman ko akwai takarda ta biyu a gefe, ko a ƙasa, ko a hannun wani. Bango ne kawai.

Malam Zakari, shugaban makarantar, ya ɗauki sanda yana nuna gona yana kiran suna. Kanta. Bunyaminu. Ɗanmusa ƙarami. Duk wanda aka kira ya ce na'am, a yi masa barka. Aka yi ta kira har sanda ta kai ƙarshen fadama. Matan suna jira a fara nasu. Malam Zakari ya sauke sanda.

Inna Dela ta ratso maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya kusa da Rahmatu.

"Nuna mani tawa," in ji ta a hankali.

Rahmatu ta san wurin ko da ido rufe. Yatsanta ya tafi da kansa ya sauka. Sunan Kanta ne a wurin, shuɗin layi kuma ya bi ta daidai kusurwar da fangalin iri yake.

"Nan ta, Inna."

"Mi anka rubuta?"

Malam Zakari, wanda mutum ne mai son ya cika aikinsa, ya karanta mata sunan Kanta. Sannan, don kada a ce ya bar wani abu, ya kai sandarsa can ƙasan takardar ya karanta ƙaramin rubutun da ke wurin da murya sosai: wadda ta tsara wannan taswira, Rahmatu Haliru. Wasu maza suka tafa. Matan kuwa suka dube ta kawai, irin kallon da ake yi wa baƙo, sannan ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki buhunansu suka kama hanyar kasuwa.

Ta sami Attahiru a inuwar mota yana shan ruwan leda.

"Yaya, ina ta mata?"

"Tana nan."

"Ina?"

Ya dafa aljihun gaban rigarsa, kamar yadda ya dafa ranar. Bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Rahmatu, ki yi tunani. In wagga ta je, mafi yawan hwadamar ta zama ba a taɓawa. Su naɗe aikinsu su kai wani wuri. Shekara nawa muna bin abin ga? Mutanen nan shinkahwa biyu za su yanka a shekara. Matan kuma matan wa na? Ba gida guda buhun ka shiga ba?"

"Albasar tasu ta. Buhun na maza na. Kai ma ka sani."

"Na sani."

"Tun yaushe ka yanke ba ka kai ta?"

Ya dube ta, ba kallon kunya ba, kallon mai auna ko yaro ya isa a faɗa masa magana. "Tun kahin in tura ki."

"To don mi ka tura ni? Don mi ka bari na sa tsohuwar nan ta nuna mani abin da ba su taɓa nuna ma kowa ba?"

"Sharaɗi ya ce a tuntuɓi mata. An tuntuɓe su. Hotunanki da su na cikin rahoto, sun yi kyau ƙwarai."

"Sunana hwa? Mi ya kai sunana ƙasan takardar?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya. "Aikinki na. Ni ba ni cin haƙƙin kowa."

Rahmatu ta tsaya tana kallon mutumin da ya koya mata cewa in kod ya tsaya kada ta yi fushi, ta saurari abin da yake faɗa. Kod ɗin ya tsaya, ya yi ta ihu da jan rubutu cewa akwai mutane a wurin nan, shi kuma ya sa ta rufe masa baki da hannunta, ta kuma sayi lemo. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta buɗe motar ta ɗauki jakar kwamfutarta, ta ce masa ya sauka lafiya. Ba ta ce Yaya ba, ya kuma ji ba ta ce ba.

Kada a ce ba ta yi ƙoƙari ba. Shimfiɗar matan tana nan a kwamfutarta, ba abin da ya taɓa ta. Ta kai wa injiniyan da ke kula da haƙa magudanai, ta same shi a bakin fadama motar haƙa tana ta gurnani a bayansa. Ya kare allon da hularsa ya duba, ya ce kai, wannan aiki ya yi kyau, wa ya koya mata? Sannan ya ce shi zanen da aka sa wa hannu yake bi, ta je sama. Ta je sama. A Birnin Kebbi aka ba ta kujera da ruwan sanyi, wata mata mai fara'a ta saurare ta har ƙarshe, ta ce abin da ta kawo yana da muhimmanci, za a duba shi a zango na biyu. Ta tambayi yaushe ne zango na biyu. Matar ta ce ai sai an ga yadda na farko ya tafi. Kafin Rahmatu ta dawo, magudana ta riga ta wuce kututturen goriba.

Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta iya zuwa gidan Inna Dela. Ranar da ta je, hadarin farko ya fara haɗuwa ta gabas. Ta yi sallama, aka amsa. Tsohuwar na zaune a tsakar gida tana tsince albasar da ta rage, tana ware masu tabo. Ta amsa gaisuwa yadda ya kamata, ta tambayi mutanen Bagudo ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo ruwa. Da ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Rahmatu ta buɗe kwamfutar a kan tabarma. "Inna, ki duba. Ban goge ku ba. Ga ku nan duka. Ga taki, ga ta Sailuba, ga ta Hussaina. Ga ma hwangalin iri, na zana shi dabam."

Inna Dela ta matso da fuska. Gonakin na nan kore shar a kan baƙin allo, kowace da iyakarta daidai, har inda aka kewaye suri. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa tata, yatsan ya bar ɗan tabon ƙasa a gilashin.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Wa ka ganin ta?"

"Ni."

"Ke ɗai."

"Ni ɗai, Inna."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Rahmatu ta ji motsin gado, ta ji an kwance igiya. Da ta fito, goran nan baƙi ne a hannunta, tsumman bakinsa sabo, alamar ba a daɗe da cika shi ba. Ta ajiye shi a kan tabarma kusa da kwamfutar.

"Na bana ya yi kyau, ban taɓa samun mai yawa hakanan ba. Tahi da shi."

"Inna, don Allah."

"Ba hushi na ba, ɗiyata. Irin albasa ba shi jimrin ajiya, in ya shekara biyu cikin gora ya mutu. Ku can Bagudo ko bayan ɗaki kuna da wuri. Ni ba ni da inda zan zuba shi."

Ta koma ta zauna, ta jawo tiren albasarta ta ci gaba da tsincewa. Iska ta taso ta fara kaɗa zanen da ke kan igiya. Rahmatu ta rufe kwamfutar, ta ɗauki goran da hannu biyu. Irin ya yi ƙara a ciki, kuma bai da nauyi ko kaɗan.